Ajiyar Saitin Manhaja a Laburaren Qt: Sauƙin QSettings da Nauyin da Yake Bar wa Mai Shiri

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda laburaren Qt ke ajiye saitin manhajojin kwamfutar tebur ta hanyar QSettings, ta kuma auna shi da GSettings na GNOME da KConfig na KDE. Abin da take son nunawa shi ne, QSettings ya warware matsalar inda za a ajiye saiti, ya kuma kyautata yadda ake rubuta shi a faifai, amma ya bar wa mai shirya manhaja tambayoyin da suka fi wuya: wa ke riƙe da ƙimar asali, wane iri ne kowane saiti, kuma me zai faru da ajiyar jiya idan manhajar ta sauya gobe. Maƙalar ta ba da shawarar a tattara bayanin saiti a wuri guda cikin manhaja tun daga ranar farko.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba da tela guda ya san daɗin zuwa da yadi ba tare da an sake gwada shi ba, domin awonsa na nan a littafi. Irin wannan sabo ne mai amfani da kwamfuta ke nema daga manhajarsa. Ya zaɓi harshe, ya ƙara girman rubutu saboda idonsa, ya nuna foldar da yake son aikinsa ya riƙa sauka, yana kuma sa ran gobe zai tarar da komai yadda ya bari. Waɗannan zaɓe-zaɓe su ne saiti. Ba su da yawa, sau tari fayil ɗinsu bai kai girman hoto ɗaya ba, shi ya sa masu shirya manhaja kan bar su sai ƙarshen aiki. A ganina wannan rainin ne tushen yawancin matsalolin da za a tattauna a nan.

Na zaɓi Qt ne saboda daɗewarsa da yaɗuwarsa. Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fara shi a ƙasar Norway, aka fitar da shi ga jama'a a 1995 ƙarƙashin kamfanin da aka sani da Trolltech. A kansa aka gina KDE, da QGIS da masu nazarin taswira ke amfani da ita, da fuskar VLC da kusan kowa ya taɓa kallon bidiyo da ita. Saboda haka duk wata ɗabi'a ta QSettings, mai kyau ko akasin haka, ta riga ta shiga kwamfutocin mutane masu ɗimbin yawa.

2. Inda saiti ke kwana

Kowace babbar manhajar kwamfuta tana da al'adarta. A zamanin farko na Windows, fayilolin INI ake amfani da su, rubutu ne zalla mai sassa, kowane layi da mabuɗi da ƙimarsa. Rajistar Windows ta bayyana a Windows 3.1 a 1992, ta kuma zama babbar ma'ajiya daga Windows 95 da NT. A macOS, saiti na zama cikin fayilolin plist a foldar Library/Preferences ta mai kwamfuta. A Linux da danginta kuwa, kowace manhaja ta kan ajiye ɓoyayyen fayil a babbar foldar mai amfani, har ƙa'idar XDG ta freedesktop.org ta zo ta ce a tattara su cikin foldar .config.

QSettings ya lulluɓe wannan bambanci gaba ɗaya. Mai shiri zai faɗi sunan kamfaninsa da na manhajarsa sau ɗaya, daga nan sai ya kira setValue ya ajiye, ya kira value ya karanta. A Windows abin zai sauka ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER\Software, a macOS ya shiga plist, a Linux ya zama fayil mai ƙarewa da .conf. Haka wxWidgets, wanda Julian Smart ya fara a Jami'ar Edinburgh a 1992, yake yi da wxConfig. Wannan ɓangare an gama da shi, ba sai an tsaya a kansa ba.

Abin da ya cancanci a lura da shi shi ne yadda QSettings ke neman mabuɗi. Wurare huɗu yake dubawa bi da bi: saitin wannan mutum na wannan manhaja, sai nasa na dukkan manhajojin kamfanin, sai na kwamfutar gaba ɗaya na wannan manhaja, sai na kwamfutar na dukkan manhajojin kamfanin. Inda ya fara samu nan zai tsaya, rubutu kuma a wuri na farko kaɗai yake yi. Wannan na ba mai kula da ɗakin kwamfutoci na makaranta damar sa ƙimar farawa ga kowa a /etc/xdg. Sai dai ba shi da ikon tilastawa, domin ɗalibi na sauya abu, zaɓinsa ne ke hawa sama. KConfig na da alamar [$i] da ke hana a sauya mabuɗi ko sashe, dconf na GNOME kuma na da fayilolin kulle. QSettings ba shi da ko ɗaya, wanda ke buƙatar kulle sai ya gina da hannunsa.

3. Ƙimar asali da ta watse cikin kod

A nan ne babbar damuwata take. Idan aka kira value, ana miƙa masa sunan mabuɗi tare da ƙimar da zai dawo da ita idan bai sami komai a ajiye ba. Tsari ne mai daɗin gaske a ranar farko, layi ɗaya ya wadatar. To amma a ce manhajar ta yi shekara biyu, mutum uku sun yi aiki a kanta. Tagar zaɓe-zaɓe na karanta girman rubutu da ƙimar asali 12, babbar taga na karanta shi da 11, sashen buga takarda kuma an manta ba a ba shi ƙimar asali ba sam, don haka yana samun sifili. Babu inda laburaren zai yi ƙorafi. Sabon mai amfani zai buɗe tagar zaɓe-zaɓe ya ga 12 alhali 11 yake kallo a allo, ya danna maɓallin amincewa bai taɓa komai ba, sai rubutun ya ƙara girma. Zai ɗauka shi ne ya yi kuskure.

Kuskuren harafi ɗaya a sunan mabuɗi ma haka yake wucewa shiru, domin a wurin QSettings mabuɗin da ba a sani ba daidai yake da wanda ba a taɓa ajiyewa ba. Ga kuma batun manya da ƙananan haruffa: rajistar Windows ba ta bambanta su, Linux na bambantawa. Manhajar da ta rubuta mabuɗi da babban harafi ta karanta da ƙarami za ta yi aiki lafiya a kwamfutar wanda ya shirya ta a Windows, ta riƙa mantuwa a Linux. Takardun bayanin Qt da kansu sun yi gargaɗi a kan wannan.

Irin ƙimar ma ba ya tsira. QSettings na karɓar komai cikin QVariant, amma fayil ɗin INI rubutu ne kawai, don haka lambar da aka ajiye za ta dawo a matsayin rubutu, sai an juya ta da toInt. Idan wani ya gyara fayil ɗin da hannu ya sa kalma a wurin lamba, toInt zai ba da sifili ba tare da wata sanarwa ba, sai fa in mai shiri ya nemi a gaya masa ko juyin ya yi nasara. Idan kuma ya rubuta ƙima mai waƙafi a tsakiya bai kewaye ta da alamar zance ba, za ta dawo a matsayin jerin abubuwa, wanda ya nemi rubutu guda ya tashi hannu rabbana.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi waɗannan illa, ga shi kuma kamar tsafta ce. Masu shiri da yawa kan rubuta dukkan saiti zuwa faifai duk lokacin da aka rufe manhaja, har da waɗanda mutum bai taɓa sauyawa ba. Da an yi haka, ƙimar asali ta rikiɗe ta zama kamar zaɓin mutum. Bayan shekara guda aka gane cewa wata ƙimar asali ba ta dace ba, misali tazarar ajiye aiki kai tsaye ta yi tsawo, aka gyara ta a sabuwar siga. Gyaran ba zai isa ga tsofaffin masu amfani ba, su da suka fi kowa cancantar sa, saboda tsohuwar lambar na zaune a fayil ɗinsu, kuma babu yadda za a gane ko su suka zaɓe ta ko manhajar ce ta zuba. Bayanin da ya ɓace a nan ba ya dawowa.

GNOME ta bi wata hanya. GSettings ya shigo GLib 2.26 a 2010, ya gaji GConf. Kafin manhaja ta karanta ko da mabuɗi ɗaya, dole ta gabatar da kundin sharuɗɗa cikin XML, mai ɗauke da sunan kowane mabuɗi, irinsa, ƙimarsa ta asali, iyakar da ba zai wuce ba in akwai, da taƙaitaccen bayaninsa. Ana harhaɗa kundin da glib-compile-schemas. Manhajar da ta nemi mabuɗin da babu shi a kundi, nan take za ta tsaya cak. Masu shiri sun sha kuka da wannan tsanani, musamman idan kundin bai shiga wurinsa ba lokacin girka manhaja. Duk da haka ina ganin hukuncin daidai ne, domin gara kuskuren ya fashe a gaban wanda ya rubuta shi da ya laɓe har ya isa ga wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. GSettings na kuma sanar da manhaja duk lokacin da wani mabuɗi ya sauya, abin da QSettings ba ya yi; shi sai an kira sync kafin a ga abin da wata manhaja ta rubuta.

KDE, wadda a kan Qt ɗin take zaune, ita ma ba ta wadatu da mabuɗi da ƙima zalla ba. A KConfigXT ana bayyana saiti a fayil mai ƙarewa da .kcfg, wata manhaja ta juya shi zuwa kod na C++, kowane saiti ya sami aikinsa mai suna da iri. Kuskuren harafi ya zama abin da za a kama tun wajen harhaɗa manhaja. Idan kuma ƙimar da mutum ya zaɓa ta yi daidai da ta asali, ba a barin ta a fayil. QGIS ma ta lulluɓe QSettings da nata QgsSettings, wanda ke iya ɗauko ƙimomin farawa daga fayil guda na gama-gari. Manyan ayyukan nan da suka daɗe da Qt kowanne ya ƙare da gina wani hawa a kan abin da laburaren ya bayar, kuma wannan kaɗai hujja ce.

4. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar rubutu

Ga mu da ke aiki a inda wuta ke tafiya ba sallama, kwamfutar tebur kuma ba batir gare ta ba, wannan sashe ba hasashe ba ne. Hanyar da ta fi sauƙi ta ajiye fayil ita ce a buɗe shi, a share abin da ke ciki, a zuba sabo. Tsakanin sharewa da zubawa akwai ɗan lokaci da fayil ɗin ke wayam. Wuta ta tafi a wannan lokacin, an rasa tsoho an rasa sabo.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne a rubuta sabon bayani a wani fayil na wucin gadi a folda ɗaya, in ya kammala a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Sauyin suna a tsarin Unix ko dai ya faru gaba ɗaya ko bai faru ba. An ɗauka magana ta ƙare, sai farkon 2009 ya nuna akwai saura. Tsarin fayil na ext4, wanda aka amince da shi a Linux 2.6.28 a ƙarshen 2008, yana jinkirta ware wa bayani wuri a faifai domin ƙara sauri. Masu gwada Ubuntu 9.04 suka fara ba da rahoton cewa bayan kwamfuta ta mutu ba zato, suna tarar da fayilolin saitin KDE da GNOME babu komai a ciki. Abin da ya faru shi ne, sauyin sunan ya riga ya isa faifai, ainihin bayanin kuwa yana ƙwaƙwalwa yana jiran lokacinsa. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya tsaya a kan cewa ƙa'ida ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba sai an kira fsync, wanda ke tilasta bayani ya sauka a faifai, masu manhaja kuma suka ce fsync na da tsada a tsohon ext3. A ƙarshe Linux 2.6.30 ya zo da gyaran da ke gane wannan salo na sauyin suna, ya tura bayanin tukuna.

Darasin ya shiga laburare. Qt 5.1 ya kawo QSaveFile, wanda ke rubutu a fayil na wucin gadi, ya tabbatar ya sauka a faifai, sannan ya sauya suna, kuma da shi QSettings ke ajiye fayilolin INI a yau. Yana kuma amfani da fayil ɗin kulle domin kada manhajoji biyu su yi rubutu lokaci guda, kuma kafin ya rubuta yakan sake karanta abin da ke faifai ya haɗa da nasa sauye-sauyen. Wannan aiki ne mai kyau, kuma shi ne babban dalilin da zai hana mutum rubuta nasa mai ajiye INI don kawai yana ganin abu ne na rabin yini. Qt 5.10 ya ƙara setAtomicSyncRequired ga wanda ke da izinin rubutu a fayil amma ba shi da izinin ƙirƙirar sabo a foldar. Wanda ya kashe wannan kariya ya san ya koma wancan haɗari na farko.

Abin da ya rage wa mai shiri shi ne lokaci. setValue ba ya taɓa faifai nan take, sai daga baya ko lokacin da aka kira sync. Manhajar da ke tara sauye-sauye a nata wurin har sai an rufe ta lafiya, to ta dogara ne da rufewar da ba kullum ake samu ba. Da zarar mutum ya amince da zaɓinsa, a ajiye, a kira sync, a kuma duba status, domin faifan da ya cika ko foldar da aka hana rubutu ba za su sanar da kansu ba.

5. Haruffa masu lanƙwasa

Har zuwa Qt 5, fayil ɗin INI na QSettings ba ya rubuta harafin da ya fita daga haruffan Ingilishi yadda yake, sai ya maye shi da lambarsa. A ce an ajiye sunan folda “ɗaki”. Wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga \x257\x61ki. Harafin ɗ ya zama \x257, shi kuma a da ke biye da shi an juya shi zuwa \x61 don kada a ɗauke shi a matsayin ci gaban lambar. QSettings zai karanta abinsa daidai, babu asara. Matsalar na tasowa ne idan mutum ya gyara fayil ɗin da hannu ya rubuta ɗ ko ƙ ko ɓ kai tsaye, ko wata manhaja dabam ta yi rubutu a ciki da UTF-8, sai Qt 5 ya karanta shi a matsayin Latin-1, harafi ɗaya ya koma tarkace biyu. Tun Qt 4.5 akwai setIniCodec da ke magance wannan ga wanda ya san da shi. Qt 6, da ya fito a Disambar 2020, ya mai da UTF-8 abin da ake amfani da shi kai tsaye, ya cire setIniCodec. Ƙimomi dai sun huta. Sunayen mabuɗai kuwa gara a bar su da haruffa marasa lanƙwasa, kuma kada a taɓa fassara su, domin ranar da mutum ya sauya harshen manhaja saitinsa zai ɓace masa.

6. Abin da ya kamata ƙaramin ayari ya yi

Ba na cewa mai amfani da Qt ya yi hijira zuwa GSettings. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauko tarbiyyarsa. A sami fayil guda a cikin kod wanda ya lissafa kowane saiti da sunansa, irinsa, ƙimarsa ta asali da iyakarsa, a kuma hana kowane sashe na manhaja kiran QSettings sai ta wannan ƙofa. A nan ake tace abin da aka karanta: lambar da ta wuce iyaka a koma ta asali, ƙimar da ta yi daidai da ta asali a cire mabuɗinta da remove. A nan kuma ake fitar da sanarwa idan abu ya sauya. Ga manhaja mai saiti talatin, wannan bai fi aikin kwana ɗaya ba idan an yi shi da wuri.

A raba zaɓin mutum da halin da manhaja ta tsaya. Girman taga, matsayinta a allo da jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan ba zaɓi ba ne, suna sauyawa kullum, kuma abin da saveGeometry ke fitarwa tarin lambobi ne da ba mai iya karantawa. Cakuɗa su da saiti na sa a riƙa sake rubuta fayil mai muhimmanci babu dalili, ya kuma hana mutum kwafe saitinsa zuwa wata kwamfuta mai allo dabam. Ƙa'idar XDG ta amince da wannan rabo a sigarta ta 0.8 a 2021, inda ta ware .local/state. Lambar sirri kuwa ba ta da gurbi a ko ɗaya daga cikinsu, wurinta ma'ajiyar sirri ta babbar manhaja, irin su KWallet ko Keychain na macOS.

A inda mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya, ko suke yawo da manhaja a filasha daga shago zuwa shago, na fi karkata ga a tilasta tsarin INI ko da a Windows ne. Fayil ana iya ganinsa, a kwafe shi, a aika wa mai gyara ta waya. Tura wanda bai ƙware ba cikin rajista ya gyara wani abu haɗari ne ga kwamfutar baki ɗaya.

Saura sauyin siga. QSettings bai tanadi komai ba a nan, alhali KDE na da kconf_update, GNOME kuma ta yi gsettings-data-convert lokacin barin GConf. Don haka tun fitowar farko a ajiye mabuɗi guda mai ɗauke da lambar sigar tsarin saitin. Duk lokacin da manhaja ta tashi ta duba shi, in ya gaza na yanzu ta bi matakan gyara ɗaya bayan ɗaya, daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 3, saboda akwai wanda zai tsallake siga uku kafin ya sami data ya sabunta. Kafin matakin farko a kwafe tsohon fayil a ajiye gefe, lambar sigar kuma ita ce ƙarshen abin da za a rubuta, yadda idan wuta ta tafi a tsakiya gyaran zai sake farawa daga inda ya dace. Wannan na nufin kowane mataki ya zama wanda za a iya maimaitawa ba tare da ya ɓata abin da ya riga ya gyara ba. Idan kuma manhaja ta tarar da lambar da ta fi tata, alamar sabuwar siga ta riga ta taɓa fayil ɗin ke nan, sai ta karanta mabuɗan da ta sani, waɗanda ba ta gane ba ta bar su yadda ta same su.